Yadda ake fitar da launin da ake so a kiwon macijin garta, daga zaɓen iyaye har lissafin 'ya'ya

A Amurka da Kanada, macijin garta shi ne wanda yaro ke tsinta a bayan gida ya shigo da shi ɗaki a hannu. Siriri ne, yawanci bai kai mita ɗaya ba, da layuka uku masu haske da suka bi tsawon jikinsa, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. Masana sun sa wa danginsa suna Thamnophis, kuma nau'o'insa sun haura 30, tun daga tsakiyar Kanada har ƙasar Kosta Rika. Yana da ɗan dafi a yawunsa wanda ke aiki kan kwaɗo da kifi, amma ga ɗan Adam cizonsa bai wuce ƙaiƙayi ko ɗan kumburi ba. Abin da ya fi cizon tayar da hankali shi ne ruwa mai wari da yake saki idan an kama shi bai shirya ba.

Masu kiwonsa a Amurka da Jamus da Holand da Ingila sun daɗe suna fitar da launukan da ba kasafai ake gani a daji ba: zabiya mai ruwan ɗorawa da jan ido, baƙi ƙirin mai farin haɓa, ja kamar an tsoma shi a rini, fari fat. Ido kaɗai ba ya kai mutum ga waɗannan launuka. Maciji mai launin daji na iya haifar zabiya, zabiya biyu kuma su haɗu su haifi 'ya'ya 20 babu zabiya ko ɗaya. Wanda ke da littafin rubuta asalin kowane maciji, ya kuma iya ɗan lissafi, shi ne ke sanin abin da za a haifa tun kafin barbara.

Mataki na farko: doka da muhalli

Kafin ka sayi ko da ɗaya, duba dokar inda kake zaune. A jihohin Jojiya da Niyok na Amurka an hana ajiye macizan da asalinsu na jihar ne, har da garta na gabas, wato nau'in da ke gabashin Amurka, ko da a gida aka haife su. Garta na San Faransisko, mai shuɗin ciki da jan kai, yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1967, kuma mallakarsa a Amurka laifi ne. A Turai ana kiwonsa, sai dai duk waɗanda ke can sun fito ne daga 'yan tsirarun iyaye, kuma illar haɗa jini ɗaya ta bayyana a jikinsu.

Sannan zafi. Garta na son gefe ɗaya na akwatinsa ya kasance digiri 22 zuwa 24, ɗaya gefen kuma a ƙarƙashin fitila ya kai 29 zuwa 32, ga kwanon ruwan da zai iya shiga ya jiƙa. Don haihuwa kuma yana buƙatar watanni na sanyi sosai, kamar yadda za mu gani. Wanda ke zaune a Sakkwato ko Yamai, inda bazara ke haura digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas, gara ya ɗauki lissafin da ke cikin wannan bayani ya bar macijin a ƙasarsa. Kada kuma wani ya ce zai gwada da abin da ya kama a gona: kububuwa da kumurci ba abokan wasa ba ne.

Mataki na biyu: san launukan da abin da ke kawo su

Fatar maciji na da ƙwayoyin launi iri uku. Akwai masu baƙi da ruwan ƙasa, akwai masu rawaya da ja, akwai kuma wasu da ba su da rini, haske kawai suke juyawa, su ne ke ba da shuɗi da sheƙi. Launin daji haɗin ukun ne. Galibin launukan da ake nema a kiwo suna fitowa ne idan ɗaya daga cikin ukun ya daina aiki ko ya yi yawa.

Zabiya ita ce wadda jikinta ba ya iya yin baƙi. Rawaya da ja suna nan, shi ya sa macijin ke fitowa fari da ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, idonsa ja. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne zabiyar garta mai zanen dara, Thamnophis marcianus, ɗan asalin Tekzas da Arizona da Meziko. Shi ne kuma na fi ba sabon shiga shawarar farawa da shi, domin ba shi da tsada, ba ya zaɓen abinci, kuma gadon zabiyarsa a fili yake.

Garta na fili, Thamnophis radix, yana da launuka da yawa. Yana da zabiya iri biyu da aka sa wa sunan jihohin da aka samo su, ta Ayowa da ta Nebraska. Yana kuma da wanda masu kiwo ke kira aneri, wato wanda ya rasa ja, sai ya fito baƙi da toka. Idan zabiya da aneri suka haɗu a jiki ɗaya, babu baƙi babu ja, sai a sami farin macijin da ake kira suno, sunan da aka ɗauko daga dusar ƙanƙara.

A garta na gabas, Thamnophis sirtalis sirtalis, akwai baƙi ƙirin, wanda ake samu da yawa a daji a gaɓar tafkin Eri, ɓangaren lardin Ontariyo na Kanada. Masana sun daɗe suna danganta yawansa a can da cewa baƙin jiki ya fi saurin ɗaukar ɗumin rana a wuri mai sanyi. Akwai kuma mai jan gefe kamar harshen wuta, wanda zuriyarsa ta fito daga lardin Kebek na Kanada, da mai shuɗi daga Fulorida. Riƙe wannan bambanci tun yanzu: zabiya da aneri da baƙi ƙirin ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo kowannensu, ana iya lissafa su da alƙalami. Ƙarfin ja da zurfin shuɗi ba sa bin wannan lissafi, kuma za mu dawo kansu.

Mataki na uku: lissafin gado

Nan ne ya kamata ka zauna da takarda. Kowace siffa, maciji na ɗauke da ƙwayar gadonta guda biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ƙwayar launin daji mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta bayyana. Ta zabiya mai ɓuya ce, ba ta fitowa sai macijin ya gaji biyu. Wannan ƙa'ida ita ce Gregor Mendel ya fitar a gonar wake a garin Brno da ke ƙasar Czech a yau, ya wallafa a 1866.

Duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya riga ya san lissafin. AA lafiyayye ne, AS lafiyayye ne a ido amma yana ɗauke, SS shi ne mai sikila, kuma idan AS ya auri AS kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zama SS. Haka abin yake a nan. Bari mu kira ƙwayar launin daji D, ta zabiya kuma z. Maciji DD launin daji ne tsantsa. Dz launin daji ne a ido amma yana ɗauke da zabiya, shi ne masu kiwo ke ce wa het. Sai zz, zabiyar da ake gani. Inda aka bambanta kawai shi ne, mai kiwo ba ya da ɗakin gwajin da zai kai jinin macijinsa a raba masa DD da Dz. Asalin iyaye da abin da macijin ya haifa su ne shaidarsa.

Ka zana akwati mai gida huɗu, ka rubuta ƙwayoyin uba biyu a sama, na uwa biyu a gefe, ka cike kowane gida da harafin samansa da na gefensa. Ga abin da za ka samu:

zz da zz: dukkan 'ya'ya zabiya.

zz da DD: babu zabiya ko ɗaya a ido, amma kowane ɗa Dz ne. Waɗannan su ne het ɗari bisa ɗari, domin mai zz ɗin ba shi da abin da zai bayar sai z.

zz da Dz: rabi zabiya, rabi het na tabbas.

Dz da Dz: kashi ɗaya cikin huɗu zabiya, biyu cikin huɗu het, ɗaya cikin huɗu DD.

Dz da DD: babu zabiya, rabi het ne rabi ba sa ɗauke da komai, kuma duk kamarsu ɗaya.

Daga layuka biyun ƙarshe ne aka samo lambobin da za ka riƙa gani a tallan masu sayarwa. Idan aka rubuta "het 66%", ana nufin iyayen duka Dz ne. An cire zabiyoyin da ido ya gani, saura gida uku masu launin daji, biyu daga ciki na ɗauke. Don haka kowane ɗa yana da damar biyu cikin uku ta zama het. "Het 50%" kuma na nufin ɗaya daga cikin iyayen ne kawai het. Lura da kyau: babu macijin da ke ɗauke da kashi 66 na zabiya a jikinsa. Ko yana ɗauke ko ba ya ɗauke, lambar tana faɗin girman cacar da kake shiga ne.

Wani abin da ke karya gwiwar sababbin shiga shi ne ɗaukar kashi 25 a matsayin alkawari. Kowane ɗa ƙuri'arsa daban. Idan het biyu suka haifi 'ya'ya 8, akwai damar kusan 1 cikin 10 ta a rasa zabiya gaba ɗaya, ba tare da mai sayarwa ya yi maka ƙarya ba. Idan 'ya'yan sun kai 20, wannan damar ta sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. Sa'ar da aka yi ita ce garta na haihuwa da yawa, 10 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne, babbar macen garta na gabas ma takan wuce haka.

Sai tarkon zabiya iri biyu. Hanyar da jiki ke bi ya yi baƙi tana da matakai da dama, kuma ana iya samun tangarɗa a wurare daban-daban. Zabiyar Ayowa da ta Nebraska a wurare biyu dabam matsalarsu take. Idan ka haɗa su, kowanne zai ba 'ya'yan lafiyayyar ƙwayar da ɗayan ya rasa, sai a haifi masu launin daji zalla, kowannensu na ɗauke da zabiya iri biyu a ɓoye. Saboda haka kalmar zabiya kaɗai ba ta isa a kan takardar saye ba, sai an faɗi zuriyar.

Mataki na huɗu: sayen iyaye

Sayi wurin mai kiwon da zai nuna maka hoton uwa da uba, ya faɗi shekarar haihuwa da zuriya. A Turai babbar kasuwar masu wannan harka ita ce wadda ake ci a garin Hamm na Jamus, a Amurka kuma ana irin wannan taro a jihohi da yawa. Zabiya shaidarta a jikinta take. Het kuwa amanar mai sayarwa kake saye, don haka idan kuɗinka ya isa, bari aƙalla ɗaya daga cikin iyayen ya zama wanda launin ke bayyane. A ganina mafari mafi kyau shi ne namiji zz da mace Dz daga wani gida daban: tun haihuwar farko rabin 'ya'ya zabiya ne, sauran rabin kuma ka san abin da ke cikinsu ba tare da shakka ba.

Kada ka haɗa nau'i biyu, wai mai zanen dara da na fili, don neman sabon launi. Wasu kan yi barbara su haihu, amma 'ya'yan gauraye ne da ba wanda zai iya tantance su bayan zuriya biyu, kuma masu kiwo na gaske ba sa karɓar su.

Tantance jinsi a wutsiya ake yi. Namiji wutsiyarsa doguwa ce, kuma bayan mafitar kashi kaurinta ba ya raguwa nan take, domin a nan gaɓoɓin barbararsa biyu suke kwance. Ta mace gajera ce, tana sirancewa da sauri. Idan sun girma mace ta fi kauri da tsawo da faɗin kai. A jarirai abin na da wuya, kuma akwai dabarar matsa gindin wutsiya da ƙwararru ke yi, amma hannun da bai koya ba na iya lahanta ɗan macijin. Bari mai sayarwa ya nuna maka.

Duk sabon da ya shigo, ka killace shi shi kaɗai na wata biyu zuwa uku a kan farar takarda, inda za ka ga kashinsa, ka kuma ga ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini idan ya zo da su. Kai kashin wurin likitan dabbobi a duba tsutsa. Wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, domin macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. Ranar da ya shigo ka buɗe masa shafi a littafi: lamba, jinsi, shekarar haihuwa, zuriya, haruffan gadonsa, da nauyinsa a giram.

Mataki na biyar: rainon iyaye

Namiji kan isa barbara a shekara ta biyu. Mace kada a yi mata gaggawa, a bar ta ta kai shekara biyu zuwa uku ta yi jiki. Macen da aka haɗa tana ƙarama 'ya'yanta kaɗan ne, ƙanana, kuma takan daɗe ba ta murmure ba.

Abincinsu jinjirin ɓera ne da aka daskarar aka narkar, da manyan tana, da kifi. Ɓera shi ne cikakken abinci, da ƙashi da hanta da komai. Akwai haɗari biyu. Jajayen ƙananan tanar da ake sa wa takin gida ba su dace ba, suna iya sa maciji amai ko ciwo. Wasu kifaye kuma, irin jan kifin ado da ake sa wa a gilashi, suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kuma macijin da ya daɗe yana cin su sai ya fara karkata kai, yana birkicewa, yana jijjiga. Karfasa da salmon ba su da wannan matsala, amma tsokar kifi zalla ba ƙashi ba ta da sinadarin gina ƙashi, sai an barbaɗa mata garin kalsiyam. Manya na ci sau ɗaya ko biyu a mako. Zabiya idonta ba ya son haske mai ƙarfi, a yawaita mata maɓoya.

Mataki na shida: kwanciyar sanyi

A Narcisse da ke lardin Manitoba na Kanada, dubban garta masu jan gefe na kwana hunturu a ramukan duwatsu, su fito a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, maza da yawa su nannaɗe mace ɗaya. Fitowa daga sanyi zuwa ɗumi ita ce ke tayar da sha'awarsu, kuma ita mai kiwo ke kwaikwaya.

A watan Nuwamba ka daina ba da abinci, amma ka bar ɗumi yadda yake na mako biyu, don ciki ya wofinta. Wannan matakin ba a tsallake shi: abincin da ya rage a ciki ruɓewa yake yi a sanyi ya kashe macijin. Daga nan ka kashe fitila, ka riƙa rage zafi a hankali cikin mako guda har ya sauka digiri 8 zuwa 12. Wasu na amfani da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu ƙaramin firji mai na'urar daidaita sanyi, suna buɗe ƙofar kullum don iska. Kowane maciji a robarsa mai ƙananan huji, da shimfiɗa, da maɓoya, da ruwan sha. Ƙishirwa ta fi sanyi kisa a wannan lokaci. Na arewa, wato na fili da na gabas, mako 8 zuwa 12. Mai zanen dara ɗan kudu ne, mako 6 zuwa 8 a sanyi mai sauƙi ya ishe shi. Auna nauyi duk bayan mako biyu. Wanda ya fara ramewa sosai ko yana numfashi da baki buɗe, a fitar da shi a ɗumama shi sannu a hankali, haihuwar ta jira baɗi. Maras lafiya da siriri tun farko ba a sa su.

Mataki na bakwai: barbara da haihuwa

Mayar da ɗumi cikin 'yan kwanaki, sannan ka kai namijin wurin macen. Sau da yawa ba ya ɗaukar lokaci: zai bi bayanta yana goga haɓarsa, jikinsa na motsi kamar igiyar ruwa, yana neman daidaita wutsiya. Idan ba ta karɓa ba, raba su ka ciyar da ita, ka sake gwadawa bayan ta yi saɓa, domin sabuwar fata ta fi ɗauke da ƙanshin da ke jan namiji.

Ga abin da ke rushe lissafin mutane da yawa. Macen garta na iya ajiye maniyyi a jikinta na tsawon watanni, ta yi barbara a kaka ta haihu a bazara mai zuwa, kuma 'ya'yan ciki ɗaya na iya zama na uba fiye da ɗaya. Idan ka sayi babbar mace da ta zauna da wasu maza, haihuwarta ta farko ba shaida ba ce kan komai. Idan kana son littafinka ya zama gaskiya, namiji ɗaya ga mace ɗaya a shekara, kuma ka raba maza da mata tun suna 'yan watanni.

Garta ba ya yin ƙwai, 'ya'ya yake haifa. Cikin na ɗaukar wata biyu zuwa uku gwargwadon ɗumi. Ciyar da macen sosai a farko. Za ka ga rabin jikinta na baya ya cika, tana yawan kwanciya ƙarƙashin fitila, daga baya ta yi saɓa, ta rage ci, ta fara zagaye akwati. Sa mata ƙaramin akwati mai danshin gansakuka, ka toshe duk wata kafa, domin jaririn garta bai wuce kaurin igiyar takalmi ba kuma duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. 'Ya'yan na fitowa cikin siririyar jaka su fasa da kansu, su yi saɓar farko ba da jimawa ba. Tare da su ana iya ganin wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ɗorawa, ƙwayayen da ba su ɗauki maniyyi ba ne.

Kwashe jariran zuwa ƙananan robobi masu takarda mai ɗan danshi da murfin kwalba na ruwa. Bayan 'yan kwanaki ka fara ba su yankakkiyar tana ko ƙananan yankan kifi duk bayan kwana biyu zuwa uku, kana cuɗa guntun jinjirin ɓera a ciki har su saba. Tsaya a kansu lokacin ci. Biyu kan kama yanki ɗaya, babban ya ci gaba da haɗiya har ya haɗa da kan ɗan'uwansa.

Mataki na takwas: karanta abin da aka haifa

Ranar haihuwa ka ƙirga duka, har da waɗanda suka zo ba rai, ka rubuta launin kowanne. Zabiya da baƙi ƙirin ana gane su nan take. Aneri kan so a jira saɓa ɗaya ko biyu a kwatanta shi da 'yan'uwansa a hasken rana.

Yanzu ne ake tabbatar da het. Idan kana da mace mai lambar 66 ko 50, haɗa ta da namiji zz. Zabiya ɗaya tak a cikin 'ya'yanta ta isa hujja, sai ka goge lambar ka rubuta Dz. Idan babu, duba yawan 'ya'yan. Macen da het ce da gaske, damar ta haifi 7 babu zabiya ita ce 1 cikin 128, ta haifi 10 kuma 1 cikin 1,024. Da 'ya'ya 3 kacal damar 1 cikin 8 ce, ba a yanke hukunci a kai, a sake wata shekarar.

Mataki na tara: haɗa launi biyu, da jan da ba ya bin akwati

Mai son suno daga tushe zai haɗa zabiyar Ayowa da aneri. Mu kira ƙwayar ja J, rashinta kuma j. Uba zz JJ, uwa DD jj. 'Ya'yan farko dukansu Dz Jj ne, launin daji, suna ɗauke da abu biyu. Sai ka raine su shekara biyu zuwa uku ka haɗa su da juna. Akwatin yanzu gida 16 ne: 9 launin daji, 3 zabiya, 3 aneri, 1 suno. Daga sayen jarirai zuwa ganin farin maciji na farko, shekara 4 zuwa 6 ke nan, kuma a haihuwar 'ya'ya 16 akwai damar kusan 1 cikin 3 ta a rasa shi. Shi ya sa ake ajiye mata biyu ko uku daga zuriyar farko. Gajeriyar hanya ita ce sayen namiji suno a haɗa shi da mace Dz Jj, inda kowane launi cikin huɗun ke samun kashi 25.

Ja da shuɗi kuwa ƙwayoyin gado da yawa ne ke taruwa su ƙara musu ƙarfi. Iyaye jajaye biyu za su haifi 'ya'ya daga mai ja sosai har wanda da ƙyar za a ga jan. A nan zaɓe ake yi: ka ajiye mafi kyau daga kowace haihuwa ka haɗa, zuriya bayan zuriya. Kada ka yi saurin sayarwa, domin jan na ƙaruwa da kowace saɓa, kuma jaririn da ka raina a wata na farko shi ne wani lokaci ke fin kowa a wata na goma. Kalmar het ba ta da ma'ana mai ƙarfi a irin wannan launi, duk wanda ya sayar maka da maciji maras ja a kan cewa yana ɗauke da ja, tambaye shi hoton iyaye da na 'yan'uwan haihuwa.

Duk hanyoyin nan suna tura mai kiwo ga haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya, domin su ne ke ɗauke da abin da ake nema. Zuriya ɗaya ko biyu yawanci ba a ganin illa. Idan aka ci gaba sai haihuwa ta ragu, matattun 'ya'ya su yawaita, a fara ganin karkataccen ƙashin baya da jariran da suka ƙi cin abinci. Bayan kowace zuriya biyu ka shigo da lafiyayyen maciji mai launin daji na nau'in, daga gidan da ba ku haɗa jini ba. Launin zai ɓuya na zuriya ɗaya, dukan 'ya'yan su zama het, sannan ya dawo a jikin da ya fi ƙarfi. Ɗan da aka haifa da naƙasa ba a sa shi a kiwo komai kyan launinsa.

Kafin ka haɗa ko da mace ɗaya, san inda 'ya'yan za su. Mata uku na iya ba ka jarirai 60 a wata guda, fiye da rabinsu masu launin daji da ba a rububinsu, kowanne na son ci duk bayan kwana biyu. Ba a sakin su a daji, ko a ƙasarsu ta asali, saboda cuta da gurɓata zuriyar wurin. A sayar ko a kyautar bayan kowanne ya ci aƙalla sau biyar da kansa, tare da takarda mai ɗauke da nau'i, zuriya, ranar haihuwa, haruffan uwa da uba, da lambar het ɗinsa yadda akwatin ya nuna, 100 ko 66 ko 50.